Svante Arrhenius, Malamin Da Ya Fara Lissafa Ɗumamar Duniya

Duk ɗalibin da ya zauna ajin kimiyya a Kwalejin Rimi, ko Kwalejin Tunawa da Sardauna, ko kuwa ya zarce zuwa Kwalejin Kimiyya da Fasaha da ke Tudun Wada, da wuya a ce bai taɓa cin karo da sunan Arrhenius ba. Malamin kemistiri yakan rubuta shi a allo ran da aka zo darasin asid, ɗalibai su haddace saboda jarrabawa, in an gama su manta. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa mutumin nan shi ne ya fara zama da alƙalami da takarda, tun shekarar 1896, ya lissafa yawan zafin da duniya za ta ƙara idan hayaƙin kwal ya taru a sama. Ya kuma nuna cewa ƙuryar arewacin duniya, inda teku ke daskarewa ya zama ƙanƙara, ita ce za ta fi ko'ina ɗumama. A lokacin nan Turawa ba su ko kafa garin Kaduna ba tukuna.

An haifi Svante August Arrhenius ran 19 ga Fabrairu, 1859, a wani wuri da ake kira Vik, kusa da birnin Uppsala na ƙasar Suwidin. Mahaifinsa safiyo ne, shi ke lura da filaye da gonakin Jami'ar Uppsala, saboda haka tun yaron yana ƙarami iyalin suka koma cikin birni. An ce yana da shekara uku ya koya wa kansa karatu, lissafi kuwa ya tsince shi ne wajen zama kusa da mahaifinsa yana kallon yadda yake tara lambobi a littafin kuɗi. Ya shiga makaranta yana ɗan shekara takwas, ya gama a 1876, ya wuce jami'ar garinsu.

Jami'ar Uppsala tsohuwa ce, tun 1477 aka kafa ta, malamanta kuwa a zamanin nan ba su cika maraba da sabon abu ba. Da Arrhenius ya ga ba zai sami abin da yake nema a wurinsu ba, sai ya tafi Stockholm a 1881, ya zauna ƙarƙashin wani malamin fizis mai suna Erik Edlund. Tambayar da ta dame shi ƙarama ce ga mai ji: busasshen gishiri ba ya ɗaukar wutar lantarki, tataccen ruwa ma haka, amma da zarar an narka gishirin a ruwan sai wuta ta bi ta ciki. Amsar da ya kawo ita ce, gishiri in ya shiga ruwa yakan rabu gida biyu, ya zama 'yan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, kowace tana ɗauke da cajin lantarki, su ne suke kai wutar daga wannan gefe zuwa wancan. Yau wannan karatun ɗan sakandare ne. A 1884 kuwa, da ya miƙa shi a Uppsala cikin littafi mai shafi wajen 150 don neman digirin dakta, manyan malamai suka ɗauke shi shirmen yaro, suka ba shi sakamako mai rauni, irin wanda ba a ɗaukar mai shi aikin koyarwa a jami'a. Cikin waɗanda ba su gamsu ba har da Per Teodor Cleve, babban malamin kemistiri na wurin.

Saurayin bai zauna yana kuka ba. Ya sa littafin nasa a gidan waya ya aika wa manyan masana na Turai. Ɗaya daga cikinsu, Wilhelm Ostwald, ya karanta, abin ya girgiza shi har ya taso takanas daga birnin Riga ya zo Uppsala don ya tafi da shi. Ganin baƙo irin wannan ya zo neman wanda suka raina, sai jami'ar ta ji kunya ta ba shi ƙaramin matsayi na koyarwa. Daga 1886 ya sami kuɗin tafiya neman ilmi, ya zauna da Ostwald a Riga, da Kohlrausch a Jamus, da Boltzmann a Ostiriya, da van 't Hoff a Holan. A 1889 ya fitar da ƙa'idar da har yanzu take ɗauke da sunansa, wadda ke bayyana dalilin da ya sa zafi ke gaggauta sauyawar sinadarai. Matar da ta san tuwon da zai kwana lafiya da hunturu ba zai kai safe da bazara ba, ta san wannan ƙa'ida a aikace, shi dai ya sa ta cikin lissafi ne. Ya koma Stockholm a 1891 ya kama koyarwa a sabuwar kwalejin birnin, a 1895 ya zama shehun malamin fizis.

To, a nan ne labarin ya juya. Malaman Stockholm suna da wata ƙungiya inda suke haɗuwa su yi muhawara, abin da ya fi cin ransu kuwa a shekarun nan shi ne zamanin ƙanƙara. Masana duwatsu sun riga sun tabbatar da cewa dubban shekaru da suka wuce ƙanƙara mai kaurin gaske ta taɓa binne Suwidin da yawancin arewacin Turai da na Amurka, sa'an nan ta janye, ta bar alamunta a jikin duwatsu. Abin da ba a sani ba shi ne dalilin zuwanta da dalilin tafiyarta. Arrhenius ya yi zaton amsar tana cikin iska.

Don a gane tunaninsa, sai a tuna da daren hunturu a Kawo ko Unguwar Sarki. Da rana akwai zafi, amma da rana ta faɗi sai sanyi ya sauko da sauri, domin iska a bushe take, ba abin da zai tare zafin da ƙasa ta sha, sai ya tsere sama. A ƙarshen bazara kuwa, sa'ad da laima ta fara shigowa daga kudu, dare yakan zo da gumi har mutane su fito waje su kwana. Tururin ruwa da ke cikin iska shi ne ya zama kamar bargo. Hasken rana yana ratsa shi ya sauko, zafin da ƙasa ke mayarwa kuwa ba ya fita da sauƙi. Wani masani ɗan Ailan, John Tyndall, ya gwada a ɗakin bincike a 1859, watau shekarar da aka haifi Arrhenius, ya ga ba tururin ruwa kaɗai ke wannan aiki ba, har da iskar kabon dayoksaid, wadda mutum ke fitarwa in ya yi numfashi, wadda kuma ke tashi duk inda aka ƙona itace ko kwal ko mai. Kafin shi da shekara uku wata Ba'amurkiya, Eunice Foote, ta ga alamar haka, amma ba a kula da ita ba. Iskar nan 'yar kaɗan ce ƙwarai, a zamanin Arrhenius kashi 300 ce kacal cikin miliyan na iskar duniya. Tambayarsa ita ce: in ta ragu ko ta ƙaru, digiri nawa zafin ƙasa zai sauya?

Ba wanda ya taɓa sa lamba a kan wannan tambaya. Ba na'urar lissafi, ba tauraron ɗan'adam, ba ma awon da ya dace. Abin da ya samu shi ne awon wani Ba'amurke, Samuel Langley, wanda ya yi shekaru yana auna ɗan zafin da ke zuwa daga farin wata. In wata yana tsakar sama, zafinsa yakan ratsa iska kaɗan kafin ya iso. In ya yi ƙasa kusa da faɗuwa, yakan ratsa iska mai yawa. Daga bambancin nan Arrhenius ya ciro yawan zafin da iskar kabon da tururin ruwa suke shanyewa. Sa'an nan ya yanka duniya ɗamara ɗamara, daga digiri 70 arewa zuwa digiri 60 kudu, ya bi kowace ɗamara a kowane lokaci cikin lokuta huɗu na shekara, ya lissafa abin da zai faru in iskar ta ragu zuwa kashi biyu cikin uku, in ta ƙaru da rabi, in ta ninka biyu, in ta ninka biyu da rabi, in kuma ta ninka uku. Dubun dubatar lissafi ne, duk da hannu, ya ci masa kusan shekara guda. A cikin wannan shekara gidansa yana rushewa. Ya auri ɗalibarsa Sofia Rudbeck a 1894, ta bar shi tun kafin ta haifi ɗansu Olof a 1895, auren ya mutu a 1896. Masu rubuta tarihinsa da yawa suna ganin ya nutse cikin lambobin nan ne don ya sami inda zai ɓoye baƙin cikinsa.

Abin da ya ɗaga aikin nasa sama da na magabatansa shi ne ya lura cewa zafi yana haifar da zafi. In iskar kabon ta ɗan ɗumama duniya, ruwa zai ƙara tashi ya zama tururi, tururin kuma ya ƙara kaurin bargon. Haka nan ƙanƙara: fara ce, tana mayar da yawancin hasken rana sama, kamar yadda farar riga ta fi baƙa sanyi a jiki. In ta narke, sai baƙar ƙasa ko baƙin ruwan teku ya bayyana ya shanye hasken, wurin ya ƙara ɗumi, wata ƙanƙarar ta sake narkewa. Takardar ta fito a wata mujallar kimiyya ta Ingila a watan Afrilu, 1896. Ta nuna cewa in iskar ta ragu da kusan rabi, zafin Turai zai sauka da digiri 4 zuwa 5 na ma'aunin Selshiyos, abin da ya isa ya dawo da zamanin ƙanƙara. In ta ninka biyu, duniya za ta ƙara digiri 5 zuwa 6. In ta kai ninki biyu da rabi ko uku, yankin Aktik zai ƙara digiri 8 zuwa 9. Ta kuma nuna cewa tudu zai fi teku ɗumama.

Maganar hannun ɗan'adam kuwa daga abokinsa Arvid Högbom ta fito, wani masanin duwatsu wanda ya ƙididdige cewa duniya tana ƙona kwal wajen tan miliyan 500 a shekara, iskar da ke tashi daga nan kuma ta fara kamo wadda ke fitowa ta hanyoyin halitta. Arrhenius ya duba ya ce lalle masana'antu za su iya ninka iskar, amma sai bayan shekara kamar 3,000, domin teku zai riƙa shanye mafi yawanta.

A daminar wannan shekara ta 1896 ya je ya ga ƙanƙarar da idonsa. Wani injiniya ɗan ƙasarsu, Salomon Andrée, ya ƙudura zai tsallaka ƙuryar arewa cikin ƙaton balan-balan, Arrhenius kuwa ya bi jirgin ruwan da ya kai su tsibiran Spitsbergen a matsayin mai auna ruwan teku. Suka yi ta jiran iskar kudu ba ta zo ba, suka sace balan-balan suka komo gida. Suna can ne jirgin Fram na Norwe ya ɓullo musu, bayan ya yi shekara uku ƙanƙarar teku tana riƙe da shi. Andrée ya koma a 1897, ya tashi da mutum biyu ran 11 ga Yuli, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Sai a watan Agusta na 1930, da aka yi wata damina mai ɗumi, ƙanƙarar da ta saba kewaye wani tsibiri mai suna Kvitøya ta buɗe, maharba suka sauka suka tarar da gawarwakinsu da littattafansu, bayan shekara 33.

Lissafin Arrhenius bai daɗe yana tashe ba. A 1900 wani malamin Uppsala, Knut Ångström, ya sa aka cika bututu da iskar kabon, aka rage ta, aka ga zafin da take tarewa bai sauya sosai ba. Ya yanke hukunci cewa wadda ke sama ta riga ta tare iyakar abin da za ta iya, ƙari ba zai yi kome ba. Arrhenius ya mai da martani da zafi, amma masana suka bi Ångström, aka ajiye maganar har kusan shekara hamsin. Kuskuren gwajin shi ne ya ɗauki sama kamar bututu guda, alhali kuwa hawa hawa take, can ƙoli inda iska ba ta da kauri, ba ta kuma da laima, nan ne zafi ke kuɓucewa, nan ne kuma ƙarin iskar kabon ke yin tasiri.

Shi dai bai rasa ɗaukaka ba. A 1903 aka ba shi lambar Nobel ta kemistiri, shi ne ɗan Suwidin na farko da ya same ta, a kan ainihin aikin gishiri da ruwan nan da aka raina, Cleve kuwa yana cikin kwamitin da ya duba sunayen. A 1905 Jamus ta yi masa tayin babban matsayi a Balin ya ƙi, aka kafa masa cibiyar bincike ta Nobel a Stockholm ya shugabance ta har ya yi ritaya a 1927. A shekarar ya sake aure, ya auri Maria Johansson, suka haifi 'ya'ya uku. Mutum ne mai fara'a da son taro, mai rubuta littattafai don talaka ya fahimci kimiyya, ya kuma yi ƙoƙari a lokacin Yaƙin Duniya na Farko wajen ganin an saki masanan Jamus da Ostiriya da aka kama. Amma fa wanda aka taɓa dannewa bai tsira daga danne wasu ba. Ya yi amfani da ƙarfinsa a harkar Nobel ya taimaki abokai, ya tare waɗanda suka taɓa sukar aikinsa. Yana cikin waɗanda suka hana Mendeleev na Rasha lambar a 1906, ya kuma jinkirta ta Walther Nernst shekaru da dama. Mafi muni, ya shiga shugabancin wata ƙungiya ta Suwidin mai da'awar tsarkake jinsi, irin tunanin da ya jera 'yan Adam hawa hawa, wanda duniya ta ga inda ya kai ta a Jamus daga baya.

A 1906 ya koma kan maganar yanayi cikin wani littafi da ya rubuta don jama'a. Ya rage lissafinsa zuwa digiri 4, ya kuma lura cewa kwal da ake ƙonawa ya kusa tan miliyan 900 a shekara, saboda haka abin ba zai jira shekara dubbai ba, cikin 'yan ƙarnuka za a gan shi. Sai dai bai ji tsoro ba, murna ya yi. A ganinsa ƙasashen sanyi za su sami sassauci, gonaki su ƙara albarka, a kuma tsira daga dawowar zamanin ƙanƙara. Ba abin mamaki ba ne ga mutumin da ya tashi inda hunturu ke cin rabin shekara, rana kuma ta faɗi tun kafin la'asar. Amma ɗamarar da ta ratsa ƙasar Hausa tana cikin teburinsa, ya rubuta mata digiri wajen 5, bai tsaya ya tambayi abin da digiri 5 zai yi wa manomin gero da makiyayi a wurin da zafin Afrilu ya riga ya haura 40 ba. A shekarun nan kuwa kwal yana isowa nan ma: an gano shi a Udi kusa da Inugu a 1909, shi ne kuma ya riƙa tura jiragen ƙasa da suka raya Kaduna bayan ta zama hedkwatar Arewa a 1917.

Ya kwanta ciwon ciki a watan Satumba na 1927, ya rasu a Stockholm ran 2 ga Oktoba yana da shekara 68. Aka kai shi Uppsala aka binne.

Bayan rasuwarsa da shekara 11 wani injiniya Bature, Guy Callendar, ya tattara awon zafi na tashoshi da yawa ya nuna duniya ta fara ɗumama. A 1958 Charles Keeling ya fara auna iskar kabon a kan dutsen Mauna Loa na Hawai, ya same ta wajen kashi 315 cikin miliyan. Ta haura 400 a 2013, a 2024 kuwa ta riga ta wuce 420. Ƙanƙarar da aka haƙo daga ƙarƙashin Antatika ta nuna cewa a zamanin ƙanƙara iskar ta sauka zuwa wajen 180, a tsakanin zamunan kuwa takan koma 280. An gane yanzu cewa sauyin kewayawar duniya ga rana shi ke tayar da zamanin ƙanƙara, iskar kabon ita ke ƙara masa ƙarfi, watau Arrhenius ya kama rabin amsar tambayarsa ta asali. Game da ninki biyu kuwa, kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya tsayar a 2021 cewa zai kawo wajen digiri 3, mai yiwuwa tsakanin 2.5 da 4.

Inda maganarsa ta fi fitowa fili shi ne Tekun Aktik. Tun 1979 taurarin ɗan'adam suke auna faɗin ƙanƙarar da ke bisansa. A farkon shekarun 1980, a watan Satumba da take kai ƙarshen raguwarta, takan rufe fiye da murabba'in kilomita miliyan 7. A Satumban 2012 ta sauka zuwa miliyan 3.4, watau abin da ya ɓace ya kai faɗin Nijeriya sau huɗu. Yankin yana ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya. Wani bincike na 2016 ya nuna cewa kowane tan ɗaya na iskar kabon da aka saki yana tafiya da murabba'in mita 3 na ƙanƙarar Satumba. A kudu ma, ƙanƙarar tekun da ke kewaye da Antatika ta yi raguwar da ba a taɓa aunawa ba a Fabrairun 2023. Narkewar ƙanƙarar da ke yawo bisa ruwa ba ta cika ƙara tsawon teku ba, kamar yadda ƙanƙarar da ta narke a kofi ba ta sa shi ambaliya; haɗarinta shi ne farin rufin da ke mayar da hasken rana ya yaye, zafin kuma ya isa ga ƙanƙarar tudu ta Girinlan, wadda ruwanta ke gangarowa teku har gaɓar Ikko.

Rabon ƙasar Hausa ya zo ta tururin ruwan da ya sa cikin lissafinsa. Kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi yana ba iska ikon ɗaukar ƙarin laima wajen kashi 7 cikin 100, abin da ta ɗauka kuwa sai ta sauke. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka uku a yankin Sahel tun daga 1982. Mutanen Malali da Unguwar Rimi ba su manta da daminar 2003 ba, sa'ad da Kogin Kaduna ya fasa gaɓarsa ya shiga gidaje, ko da yake gine-ginen da aka yi a hanyar ruwa suna da nasu alhakin. Ambaliyar 2022 ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya. A Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Afirka duka kuwa ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke saki daga kwal da mai da gas.

Layi na biyu a teburin 1896, wanda ya tanada don ranar da iskar za ta ƙaru da rabi, duniya ta iso shi a 'yan shekarun nan in an kwatanta da yadda take kafin zamanin masana'antu. Ya rubuta wa layin digiri 3 da ɗoriya. Abin da aka auna a 2024 ya kai wajen digiri 1.5, teku kuwa bai gama mayar da zafin da ya shanye ba.